Baƙo a Majami'ar Mormon: Nazarin Tarbar Kiristocin Wasu Ɗariku

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ikilisiyoyin ɗarikar da aka fi sani da Mormon ke tarbar Kiristan da ya zo musu daga wata ɗarika, ɗan Katolika ne ko Baftis ko Fentikostal. An dogara da dokokin da cocin ta wallafa, da tsarin sujadarta ta Lahadi, da wasu al'amura na tarihinta a Amurka da Afirka ta Yamma. Takardar na son nuna cewa ana karɓar mutumin hannu bibbiyu, amma ba a karɓar baftismarsa ko ikon limaminsa, kuma wanda wannan tsari ya fi matsa wa shi ne baƙon da ke zuwa a kai a kai ba da niyyar sauya ɗarika ba.

Gabatarwa



Joseph Smith ne ya kafa wannan coci ranar 6 ga Afrilu, 1830, a jihar New York ta Amurka. Cikakken sunanta shi ne Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, kuma tun 2018 shugabanninta suka roƙi a daina kiran mabiyanta Mormon. Na riƙe sunan a nan don shi mai karatu ya sani. Hedikwatarta na birnin Salt Lake a jihar Yuta, tana da mabiya sama da miliyan 17 a ikilisiyoyi sama da 30,000. A jikin majami'unta, ƙarƙashin sunan cocin, akwai rubutun da ke cewa ana maraba da baƙi. Tambayar wannan takarda ita ce: wane irin maraba ne, kuma ina iyakarsa?

Tambayar na da nauyi saboda tushen cocin kansa. A labarin da Joseph Smith ya bayar na wahayinsa na farko, wanda ya ce ya auku a 1820, an umarce shi da kada ya shiga ko ɗaya daga cikin ɗarikun zamaninsa, don dukansu sun kauce. Koyarwar cocin ita ce ikon firistanci ya ɓace daga duniya bayan rasuwar manzanni, sai ta hannun Joseph Smith aka maido shi. Ke nan Kiristan da ya shigo ranar Lahadi ya shigo gidan da aka gina a kan cewa gidan da ya fito ba shi da cikakken iko. Duk da haka ana tarbarsa da fara'ar da baƙi da yawa ke mamakinta. Yadda waɗannan abubuwa biyu ke zama wuri ɗaya shi ne abin nazari.

Asalin buɗe ƙofa

Ba da buɗaɗɗiyar ƙofa aka fara ba. John Whitmer, wanda aka ɗora wa rubuta tarihin cocin a farkonta, ya bayyana cewa mabiyan farko kan hana waɗanda ba su ba da gaskiya ba shiga taronsu. A watan Maris 1831, a garin Kirtland na jihar Ohio, Joseph Smith ya fitar da wahayin da yanzu yake sashe na 46 na littafinsu mai suna Koyarwa da Alkawura, wanda ya haramta korar kowa daga taron jama'a, har da masu neman gaskiya da ba su riga sun shiga ba. Littafin Mormon, wani daga cikin nassosinsu, ma na ɗauke da irin wannan umarni. Saboda haka karɓar baƙo a wurinsu doka ce ta nassi, bishop, wato shugaban ikilisiyar unguwa, ba shi da ikon soke ta.

Sai kuma abin da wahala ta koya musu. A 1838 gwamnan Missouri, Lilburn Boggs, ya ba da umarnin a kore su daga jihar ko a hallaka su, umarnin da ba a soke ba sai 1976. Da suka gina garin Nauvoo a Illinois, majalisar garin ta zartar da doka a 1841 wadda ta lissafa Katolika, Firesbiteriyan, Metodis, Baftis da wasu ɗariku, har da Musulmi, ta ba kowa 'yancin yin addininsa a garin. A shekarar da ta biyo, cikin aƙidu 13 da Joseph Smith ya rubuta, ta 11 ta nemi 'yancin sujada ga mabiyansa kuma ta amince da shi ga kowa. Mutanen da aka ƙona wa gidaje saboda addini ne suka rubuta waɗannan, kuma bayan shekara biyu, a 1844, aka kashe Joseph Smith a kurkukun Carthage.

Abin da baƙo ke tararwa ranar Lahadi

Ɗan Mormon ba ya zaɓar majami'ar da zai je. An yanka ƙasa unguwa-unguwa, kowace ikilisiya da iyakarta a taswira, kuma inda gidanka yake nan za ka yi sujada. A wasu garuruwan Yuta ikilisiya guda ba ta wuce 'yan layuka. Wannan ya sa kowa ya san kowa, baƙuwar fuska ba ta ɓuya. Kafin baƙo ya zauna an miƙo masa hannu, an tambayi sunansa, sau da yawa bishop da kansa ya sauko ya gaishe shi. Suna kiran juna Ɗan'uwa wane, 'Yar'uwa wance, kuma baƙon ma haka za a kira shi. A 2019 an rage zaman Lahadi daga awa uku zuwa biyu: awa guda ta sujadar jibin Ubangiji, sauran lokacin na azuzuwa, inda akan nemi baƙo ya tashi ya gabatar da kansa.

Wasu abubuwan za su kwantar masa da hankali. Ana addu'a da sunan Yesu. Masu jin Turanci na karanta fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James, wadda Furotesta suka gada. Waƙoƙi da dama na littafin waƙarsu daga Furotesta aka aro su. Ba a zagayawa da kwanon baiko, domin ana ba da zakka da sadakar azumi ne a asirce, don haka babu mai kallon abin da baƙo ya jefa.

Wasu kuma za su ɗaure masa kai. Ba zai ga gicciye ba, a bango ko a saman gini. Babu fasto mai albashi. Bishop na iya zama malamin makaranta ko makaniki da aka ɗora wa aikin na wasu shekaru. Wa'azi ba na mutum ɗaya ba ne, 'yan ikilisiya ne ake ba wa, maza da mata, har yara masu shekara 13 ko 14. Ba ganga, ba tafi, sai fiyano ko molon coci, ga kukan jarirai, don iyali gaba ɗaya ke zama tare. Idan ya dace da Lahadin farkon wata, ranar azumi da shaida, zai ji mutane na tashi ɗaya bayan ɗaya suna cewa sun san wannan ce ikilisiya ta gaskiya kuma Joseph Smith annabi ne. Ga ɗan gida wannan furuci ne na bangaskiya. A kunnen ɗan Baftis da ke zaune a benci na baya, hukunci ne a kan cocinsa, ko da mai maganar bai nufi haka ba.

Jibin Ubangiji ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan ne tarbar ta fi ba da mamaki. Gurasa da ruwa ake amfani da su, babu ruwan inabi. Samari masu kimanin shekara 16 ke durƙusawa su karanta addu'ar keɓewa, wadda dole a faɗe ta daidai kalma da kalma, in an yi kuskure bishop ya sa a maimaita. Yara maza masu kimanin shekara 12 ke zagayawa da farantai, kuma farantin na bi daga hannu zuwa hannu a kan benci. Babu yadda za a yi ya tsallake baƙo. Littafin dokokin cocin ya ce jibin na mabiya ne, amma ya hana a yi wani abu don hana wanda ba mabiyi ba ci. Wanda ya san tsarin Katolika ko Otodoks, inda ba a ba wa ɗan wata ɗarika jibi sai a wasu keɓaɓɓun halaye, zai ɗauka Mormon sun fi kowa sassauci.

A ganina fassarar ba haka take ba. A koyarwarsu, cin jibi sabunta alkawarin da mutum ya ɗauka ranar baftisma ne. Wanda ba a yi masa baftismarsu ba bai ɗauki alkawarin ba, don haka ba shi da abin sabuntawa. Katolika na hana baƙo ne saboda cinsa na da ma'ana mai nauyi, yana nuna haɗin kan da bai tabbata ba. Mormon na barinsa ne saboda cinsa bai ɗaura komai ba kuma bai warware komai ba. Akwai kirki na gaske a cikin ƙin kunyata mutum a bainar jama'a, kuma ban raina wannan ba. Sai dai kada mai nazari ya ɗauke shi a matsayin amincewa da baftismar baƙon.

Katangar baftisma

Tun a watan da aka kafa cocin aka yanke wannan magana. Wasu da aka riga aka yi musu baftisma a wasu ɗariku sun so shiga ba tare da an sake ba, sai sashe na 22 na Koyarwa da Alkawura ya ce tsohuwar baftisma ba ta wadatar ba. Har yau, ko bishop ne na wata coci, in zai shiga sai mai riƙe da firistancinsu ya nutsar da shi cikin ruwa.

Katangar kuwa daga ɓangare biyu aka gina ta. A watan Yuni 2001 ofishin kula da aƙida na Fadar Vatikan, ƙarƙashin Kadinal Joseph Ratzinger wanda daga baya ya zama Paparoma Benedict na 16, ya yanke cewa baftismar Mormon ba ta inganta ba. Babban taron cocin Metodis ta Amurka ya ɗauki irin wannan matsayi a 2000. Dalilin shi ne aƙidar Allahntaka. Mormon ba su karɓi aƙidar Nikiya ta shekarar 325 ba. Suna koyar da cewa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki uku ne daban-daban masu manufa ɗaya, kuma Uba na da jiki. Kalmomin da ake furtawa a bakin ruwa kusan iri ɗaya ne, abin da ake nufi da su ya sha bamban. Shi ya sa baƙon kan shigo da tasa tambayar a zuci, wato ko masu masaukinsa Kiristoci ne. Su kuma wannan tambaya na yi musu ciwo ƙwarai. A 1995 sun sake tsara rubutun sunan cocin don sunan Yesu Almasihu ya fi fitowa, a 2020 kuma suka ɗauki hoton mutum-mutumin Almasihu na Bertel Thorvaldsen, wanda asalinsa ke cikin wata majami'ar Lutheran a Kopenhagen, ya zama tambarinsu.

Haikali

Majami'a daban, haikali daban. Bahaushe zai gane bambancin in ya tuna zaure da cikin gida: kowa na iya sallama a zaure a shimfiɗa masa tabarma, amma wucewa ciki sai da izini. Ba a sujadar Lahadi a haikali. Wurin ɗaurin aure na har abada ne da baftisma domin matattu da wasu alkawura. Ba ya shiguwa sai da takardar izini, bayan ganawa da bishop da shugaban gunduma a kan zakka, tsabtar aure, da barin giya, taba, shayi da kofi. Ɗan cocin da ba shi da takardar ma a waje yake tsayawa. Kafin a keɓe sabon haikali akan buɗe shi ga jama'a na 'yan makonni. Na birnin Washington ya karɓi mutum sama da 750,000 a 1974.

Inda wannan iyaka ta fi cin rai shi ne aure. Uwa 'yar Metodis da 'yarta ta shiga cocin kan zauna a ɗakin jira ana ɗaura auren a ciki. A da, a Amurka da wasu ƙasashe, ma'auratan da suka fara yin aure a waje don danginsu su halarta sai sun jira shekara guda kafin a ɗaura musu na haikali. A watan Mayu 2019 aka soke wannan jira. Ina ganin babu wani sauyi na wannan zamani da ya taɓa rayuwar dangi Kiristoci kai tsaye kamarsa. Baftisma domin matattu kuma ta jawo nata rikicin, har a 2008 Vatikan ta umarci dayosis-dayosis da kada su ba Mormon rajistar majami'unsu su kwafi sunayen matattu.

Lokutan da aka ba baƙo mumbari

A watan Mayu 1879, Fada Lawrence Scanlan, wanda ke hidimar 'yan Katolika masu haƙar azurfa a Silver Reef da ke kudancin Yuta, ba shi da majami'ar da za ta ɗauki babbar sujada. Shugabannin Mormon na garin St. George suka ba shi babban ɗakin taronsu. Mawaƙansu, ƙarƙashin John Macfarlane, suka zauna suka koyi waƙoƙin sujadar da Latin, kuma akasarin waɗanda suka cika ɗakin ran nan Mormon ne. Scanlan ne ya zama bishop na farko na Katolika a Salt Lake. Abin da ya bambanta wannan rana da Lahadin yau da kullum shi ne, baƙo ya yi sujadarsa yadda ya gada, masu gida suka zama 'yan taya shi.

Bayan shekara 125, a Nuwamba 2004, Richard Mouw, shugaban makarantar tauhidi ta Fuller a lokacin, ya tsaya a babban ɗakin taro na Salt Lake ya nemi gafarar Mormon a kan yadda 'yan Ibanjelika suka daɗe suna faɗin abin da ba shi ne aƙidarsu ba. Wasu 'yan ɗarikarsa sun yi masa ca. A Maris 2019 shugaban cocin na lokacin, Russell M. Nelson, ya gana da Paparoma Francis, karo na farko da shugaban cocin ya zauna da Paparoma. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai motsa maganar baftisma ba.

Afirka ta Yamma

A yankinmu labarin ya zo a juye, don a nan Kiristocin wasu ɗariku ne suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa. Tun wajajen 1960 mutane a kudu maso gabashin Nijeriya da Ghana suka samu littattafan cocin, suka kafa ikilisiyoyi da sunanta, suna rubuta wasiƙu zuwa Salt Lake a aiko musu masu bishara. A lokacin cocin ba ta ba baƙar fata firistanci, ba ta barinsu shiga haikali. Anthony Obinna, malamin makaranta daga yankin Mbaise, da Joseph William Billy Johnson na Ghana sun yi shekaru suna jira. Sai a watan Yuni 1978, zamanin shugabancin Spencer W. Kimball, aka ɗage haramcin, aka yi wa Obinna baftisma a Nuwamba, Johnson a Disamba. Duk mai magana a kan karamcin wannan coci dole ya ajiye wannan jira a kan ma'auni.

Waɗancan ikilisiyoyi sun zo da ganga da tafi da kwanon baiko, wasu ma mata ke jagorantarsu. Da masu bishara suka iso, aka daidaita su da tsarin Salt Lake. Har yau ɗan cocin Fentikostal da ya leƙa majami'arsu a Aba ko Akra abin da zai fara ji shi ne shirun wurin. A Ghana gwamnatin Jerry Rawlings ta dakatar da ayyukan cocin daga Yuni 1989 zuwa ƙarshen 1990, cikin jita-jitar leƙen asiri, mabiya suka koma sujada a gidaje. An keɓe haikalin Akra a 2004, na Aba a 2005. A inda ake yi wa coci kallon ƙungiyar asiri, gayyatar maƙwabci ya shigo ya gani da idonsa kariya ce, ba karamci kawai ba.

Baƙon da ya ƙi tafiya, ya ƙi zama ɗan gida

A kusan kowace ikilisiya akwai masu bishara, samari da 'yan mata da ke ba da shekara biyu ko wata 18 na rayuwarsu, da baƙar alamar suna a ƙirji. Baƙo na shigowa za a haɗa shi da su, su nemi lambar wayarsa da ranar da za su ziyarce shi. Gordon B. Hinckley, wanda ya shugabanci cocin daga 1995 zuwa 2008, ya sha gaya wa mabiya wasu addinai su zo da duk alherin da suke da shi a ga ko za a ƙara musu. Magana ce mai daɗi, kuma ta fito da tsarin fili: abin da baƙo ya zo da shi mai kyau ne, amma bai cika ba.

Ban yarda da masu cewa fara'ar tarko ce ba. Wanda ya gaskata cewa yana riƙe da abin da zai haɗa iyali har abada, kuma ya yi shiru, shi ne marar ƙauna. Matsalar na wani wuri. An tsara komai don mutum iri biyu, mai wucewa da mai shirin shiga. Mijin da matarsa 'yar cocin ce, shi kuwa ɗan Angilikan ne mai riƙe da addininsa, yana rako iyalinsa shekara da shekaru, ba ya cikin ko ɗaya. Masu bishara na sauyawa bayan 'yan watanni, kowane sabon rukuni ya sake ɗaukarsa daga farko. Wanda kuma ya ce a'a a fili yakan ga ziyara ta ragu, ya fara tambayar kansa ko shi ake so ko baftismarsa.

Shugabannin cocin sun san da wannan. A babban taronsu na Oktoba 2001, 'yan watanni kafin gasar Olamfik ta hunturu ta kawo duniya Salt Lake, M. Russell Ballard, ɗaya daga cikin manyan shugabanninsu da ake kira manzanni, ya tsawata wa iyayen da ke hana 'ya'yansu wasa da yaran maƙwabta don ba 'yan cocin ba ne, ya kuma nemi a riƙa abota da mutane ko da ba za su taɓa shiga ba. Kasancewar sai da manzo ya hau mumbari ya faɗi haka ya nuna girman abin a inda Mormon suka fi yawa.

Littafin dokokin ya bar 'yar kafa. Ana iya ba wanda ba mabiyi ba wasu ayyuka, kamar kaɗa molon coci, jagorantar waƙa ko shirya taron nishaɗi, amma ba koyarwa ko shugabanci ba. A cocin da kusan kowane baligi ke da aikin da aka ɗora masa, wanda ba shi da aiki ɗan kallo ne, don haka wannan izini ba ƙaramin abu ba ne. Amfani da shi ya rataya a wuyan bishop na unguwa, mutumin da ba a horar da shi a makarantar tauhidi ba, wanda ke wannan hidima bayan ya taso daga wurin neman abincinsa. Shi ne zai yanke ko a miƙa wa ɗan Angilikan ɗin littafin waƙa ya jagoranci mawaƙa, ko a sake tura masa masu bishara.